An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Sharhi a Kan Littafin McMindfulness

Duk ɗalibin da ke haɗa karatu da aikin dare a Ingila ko Amurka ya san shawarar da ake ba ma'aikacin da ya galabaita: ka ja numfashi, ka zauna shiru na minti goma, ka kula da kanka. Wannan shawara ce Ronald Purser, farfesan harkokin gudanarwa a Jami'ar Jihar San Francisco, ya yi wa fiɗa a littafinsa McMindfulness na shekarar 2019. Sunan kansa ba'a ne, domin ya jingina shi da McDonald's, wato natsuwa ta zama haja, ana ƙunshe ta ana sayarwa kamar abincin gaggawa.

Marubucin ya bi salsalar abin. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya ɗauko dabarar tattara hankali daga addinin Buda, ya mai da ita horon mako takwas domin marasa lafiya a Jami'ar Massachusetts. Daga asibiti ta tsallaka kamfanoni, har Google ya buɗe nasa kwas a 2007. Ƙorafin Purser shi ne, idan aiki ya yi yawa, albashi ya yi kaɗan, ma'aikaci kuma ba shi da ta cewa, sannan aka koya masa numfashi, to an ɗora masa laifin gajiyarsa ke nan.

A nan littafin ya yi gaskiya, kuma lokaci ya ba shi shaida. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan galabaita da cewa aba ce da ke tasowa daga matsin wurin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. A 2024 kuma William Fleming na Jami'ar Oxford ya fitar da nazari a kan ma'aikata sama da 46,000 a wuraren aiki 233 na Birtaniya, inda ya gano cewa waɗanda suka shiga irin waɗannan kwasa-kwasai ba su fi sauran samun sauƙi ba.

Sai dai littafin yana da nasa rauni. Maimaici ya yi yawa, kuma an ɓata shafuka wajen sa-in-sa da Kabat-Zinn. Babban giɓin shi ne magani. Purser yana kiran a sauya tsarin jari-hujja, amma me zai ce wa ɗalibar da bizarta ta ƙayyade mata awa 20 a mako lokacin karatu, wadda ke tsoron ta yi magana a cire ta daga jerin masu aiki? Ita gobe da dare za ta koma gidan kula da tsofaffi, tsari ya sauya ko bai sauya ba.

A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, kula da kai bai zama laifi ba, ma'anarsa ce aka ƙuntata. Barci da abinci mai kyau da zumunci suna ciki, haka ma sanin haƙƙi. Dokar lokutan aiki ta Birtaniya ta 1998 ta ba ma'aikaci hutun minti 20 idan aikin yini ya wuce awa shida, da awa 11 tsakanin tashi da komawa. Wanda ya nemi wannan ya fi mai jan numfashi a banɗaki kula da kansa. A karanta littafin domin gane cutar, amma a nemi maganin a wani wuri.