Kabari Ɗaya Na Magana, Sauran Bauchi Ta Yi Shiru

Duk ɗan zangon nan da ya je ganin gida Bauchi, in ya dawo labari ɗaya ne a bakinsa: ya kai yara kabarin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Madalla. Amma mu tambayi kanmu, daga nan sai ina?

Mu fara da yabo, don wurin ya cancanta. An kashe Firayim Minista a watan Janairun 1966, aka buɗe ginin tunawa da shi a 1979, kuma wanda ya tsara shi ya san abin da yake yi. Mai ziyara zai bi ta wani lungu mai duhu, haske na ɗan tsargowa, yana hawa a hankali har ya ɓullo fili. Ko ba a ce maka duhun nan zamanin mulkin mallaka yake nufi ba, jikinka zai gaya maka. Abin da ya fi burge mu shi ne kabarin kansa: ba rufi, ba ado, sararin Allah ne a bisansa. An girmama mutumin, ba a mai da kushewarsa fada ba.

To, matsalar ita ce ginin ya yi magana shi kaɗai. Yaron da aka haifa nan zango, in kabarin nan kawai ya gani, sai ya ɗauka da Ɓalewa Bauchi ta fara. Alhali kuwa Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna a Inkil kafin ya kafa birnin wajen 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya yi sarauta har rasuwarsa a 1845. Yau akasarin ganuwar ta narke, gidaje sun hau gurbinta. Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Wambai, Ƙofar Dumi, duk sun koma sunan inda ɗan acaɓa zai sauke ka. Tare matashi ka ce, "Don Allah ƙofar nan ina take fuskanta, su wa ke shigowa ta nan?" Sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ai suna ne kawai."

Ba suna ba ne kawai. Rubuta sunan ƙofa a jikin siminti ba shi ne adana tarihi ba. Allon tarihi na ƙwarai abu uku yake yi: ya faɗi abin da ya faru, ya faɗi shekara, ya faɗe shi da harshen mai wucewa. Layi biyar sun isa, da Hausar boko da ajami, Turanci ya biyo baya. Inkil na buƙatar irinsa. Haka Rauta, inda sarkin Bauchi ya taɓa komawa da zama. Haka wuraren da Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da shi Ɓalewa suka riƙa muhawara tun kafin a san za a sami 'yanci.

Sai maƙabartu, inda abin ya fi ciwo. Mun san malamai sun hana gini a kan kabari, kuma ba shi muke nema ba. Iyayenmu da tsingaro ko guntun icce suke shaida kabari, damina biyu ya ɓace. Amma allo a bakin maƙabarta, mai cewa ga shekarar da aka fara binnewa, ga iyakarta gabas da yamma, wannan kariya ce. Maƙabartar da ba ta da shaida, wata rana mai awon fili zai ce kango ne. Mu mazauna ƙasar wasu mun fi kowa sanin haka, tunda kaburburan waɗanda suka sari zangon nan su ne hujjarmu cewa ba jiya muka zo ba.

Saboda haka kiranmu ga masarautar Bauchi da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa shi ne su zauna da dattawan unguwanni tun suna raye, a rubuta, a tantance, a kafa. Ƙungiyoyinmu na 'yan asalin Bauchi kuma, kuɗin da muke kashewa a kalandar shekara ya isa allo ɗaya. Mu fara da Inkil.

Allah Ya jiƙan magabata, Ya kyautata namu zuwan.