Wuta da Auduga: Matsayin Dalili a Ƙagaggen Labari

'Yan'uwa marubuta, akwai wata lalura da ta addabi littattafanmu na hikaya, wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. Sau da yawa marubuci kan kai tauraronsa cikin tsaka mai wuya, in ya rasa mafita sai ya jefo haɗarin mota, ko wata dukiyar gado da ba a taɓa ambata ba, ya ce ƙaddara ce. Shin wannan tawakkali ne ko kuwa lalaci?

Maganar dalili da sakamako tsohuwa ce. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga a littafinsa Tahafutul Falasifa. A ganinsa, abin da ido ya shaida shi ne auduga ta ƙone lokacin da ta haɗu da wuta, amma bai shaida cewa wutar ce ta aikata ƙunar ba. Allah ne mai aikatawa, Shi ya gudanar da al'adar haka. Ibn Rushdi, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya kore dalilai ya kore ilimi. A 1748 kuma Baturen nan David Hume ya nuna cewa sabo ne ke sa mu tsammaci gobe za ta yi kama da jiya, domin hankali kaɗai ba zai tabbatar da hakan ba.

To, ina ruwan marubuci da wannan muhawara? Mu dubi Ruwan Bagaja, wanda Abubakar Imam ya rubuta yana malamin Midil a nan Katsina, aka buga a 1934. Tushen labarin shakka ce. Liman ya ce ruwan Bagaja zai warkar da ɗan Sarki, Sarki ya ƙaryata shi, ya muzanta shi. Kuskuren Sarki shi ne ya ɗauki iyakar saninsa a matsayin iyakar abin da ke akwai. Wannan muzantawar ce ta fitar da Alhaji Imam daga gida, ita ce kuma ke riƙe da mai karatu har ya dawo da ruwan. Haka nan tsiyar da ke tsakaninsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman: kowace ramuwa daga wata cuta ta fito. Littafin cike yake da abubuwan al'ajabi, amma zuciyar mutanensa tana tafiya bisa al'adar da muka sani.

Darasin a fili yake. Taurarinmu suna da damar su jahilci dalilin abin da ya same su, su zargi kishiya ko sammu alhali ba su ne ba, domin haka ɗan'adam yake, saninsa gajere ne. Amma shi marubuci ba shi da wannan uzuri. Ko Gazali bai ce al'amura na faruwa barkatai ba, cewa ya yi suna bin al'ada. Mai karatu ma da wannan sabo yake auna labari, in aka saɓa masa ba tare da shimfiɗa ba sai ya ajiye littafin.

Saboda haka kafin mu kai rubutu maɗaba'a, mu tambayi kowane babi: me ya haife ka? In ya kasa amsawa, a sake zama. Allah ya sa mu dace, amin.