Imani da Aiki a Saɓanin Katolika da Furotesta: Nazari kan Sanarwar Augsburg ta 1999

Gabatarwa

Ɗalibin ilmi a Dawakin Tofa ba ya buƙatar doguwar tafiya kafin ya haɗu da Kirista. Kasuwar hatsi ta Dawanau tana cikin ƙaramar hukumarsa, kuma fatake daga kudancin ƙasar nan suna sauka a cikinta kullum. A Tofa, maƙwabciyarsa, mishan ɗin SIM ya kafa makarantar horar da masu wa'azi da harshen Hausa, wadda cocin ECWA ta gada. A birnin Kano kuma akwai babbar majami'ar Katolika. Duk da wannan kusanci, abin da ya fi yawo a bakin masu muhawara jumla ɗaya ce: wai Kirista ya yi imani an riga an ɗauke masa zunubi, saboda haka aiki bai dame shi ba. Wannan jumla ta cakuɗa ɓangarori biyu da suka shafe ƙarnuka suna jayayya a kan wannan batu, sannan ta jingina musu maganar da babu ɗayansu da ya yarda da ita. Wannan maƙala za ta duba takardar da ɓangarorin suka sa wa hannu a 1999 domin kawo ƙarshen jayayyar, ta auna abin da ta warware da abin da ta bari, da kuma abin da malamin Musulunci zai tsinta a ciki.

Asalin saɓanin

A 1517 Martin Luther, malamin addini a Wittenberg ta ƙasar Jamus, ya fitar da batutuwa 95 yana sukar sayar da takardun sassaucin azaba, waɗanda ake tara kuɗinsu domin ginin majami'ar Bitrus a Rum. Daga nan maganar ta faɗaɗa zuwa tambaya mafi girma: da me mai zunubi yake zama karɓaɓɓe a wurin Allah? Luther ya ce da bangaskiya kaɗai. Da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Jamusanci a 1522, ya ƙara kalma mai ma'anar "kaɗai" a aya ta 28 ta babi na 3 na Wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa, alhali babu ita a nassin Girkanci. Ya kuma rage darajar Wasiƙar Yaƙub, wadda babinta na 2 ya siffanta imanin da babu aiki tare da shi da matacce.

Cocin Katolika ta mayar da martani a Majalisar Trent, wadda ta zauna daga 1545 zuwa 1563. Ranar 13 ga Janairu 1547 majalisar ta zartar da hukunci mai babi 16 da hukunce-hukuncen tsinuwa 33. A nan ne mai karatu ya kamata ya natsu, domin hukunci na farko ya la'anci duk wanda ya ce mutum zai kuɓuta da aikinsa ba tare da falalar Allah ba. Ke nan Katolika ba su ce aiki yana sayen tsira ba, kamar yadda Luther bai ce a bar aiki ba. Shi yana ganin aikin ƙwarai ɗan itaciya ne da dole ya fito idan saiwar tana da rai.

Ainihin saɓanin yana kan ma'anar abin da Kiristocin Hausa ke kira baratarwa. A wurin Furotesta, Allah yana lissafa wa mai bangaskiya adalcin Almasihu, kamar wanda aka yafa wa riga mai tsabta alhali jikinsa na nan yadda yake. Shi ya sa Luther ya ce mumini barrantacce ne kuma mai zunubi a lokaci guda. A wurin Katolika kuwa, falalar tana ratsa mutum kamar yadda baba ke kama zare a marina, ta sauya shi, ta ƙaru da aikin ƙwarai, ta kuma gushe da babban zunubi har sai ya tuba ta hannun coci.

Abin da sanarwar ta yi

Ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg, wakilan Fadar Paparoma da na Tarayyar Cocin Lutheran ta Duniya suka sa hannu a Sanarwar Haɗin Gwiwa kan Akidar Baratarwa, mai sakin layi 44. Jigonta shi ne cewa mutum yana samun karɓuwa ne da falalar Allah kaɗai, ta hanyar bangaskiya ga aikin Almasihu, ba don cancantarsa ba, kuma wannan karɓuwa ce ke kiransa zuwa ga aikin ƙwarai. Ta kuma ce tsinuwar ƙarni na 16 ba ta hau kan koyarwar kowane ɓangare yadda aka bayyana ta a cikin takardar ba. Cocin Methodist ta shiga a 2006, tarayyar cocin Reformed ta bi a 2017. A wannan shekara ce aka zaɓi Musa Panti Filibus, babban limamin cocin Lutheran ta Nijeriya mai cibiya a Numan, ya shugabanci tarayyar Lutheran ta duniya.

Dole a yaba wa takardar a kan abu guda: ta bar kowane ɓangare ya faɗi akidarsa da bakinsa, sannan ta tambayi ko maganar da aka la'anta ita ce wadda ɗayan yake faɗa. Wannan ladabi ne da malaman usuli suka sani da sunan tahrir mahallin niza'i, wato tantance inda saɓani yake kafin a fara hukunci.

Inda ta gaza

Sai dai takardar tana da rauni uku. Na farko, ta daidaita tsarin magana ta bar ma'ana. Ɓangarorin sun yarda falala ce a gaba, aiki a baya, amma ko rigar ce ko rinin, an bar kowa da nasa. Fadar Paparoma da kanta, a martaninta na 1998, ta nuna shakka kan batun zama barrantacce kuma mai zunubi a lokaci guda, har sai da aka ƙara wani rataye kafin a sa hannu. A ɗaya gefen, malaman tauhidi na jami'o'in Jamus sama da 150 sun fito sun ƙi ta.

Na biyu, ta kauce wa abin da ya tayar da rikicin. Ba ta yi bayani kan takardun sassauci da mazaunin tsarkakewa bayan mutuwa ba, ta kuma ɗage batun ikon coci zuwa wani zama. A ƙarshen 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya yi shelar sassauci domin bikin shekarar 2000. Ba a sayar da shi da kuɗi, amma asalin akidar yana nan.

Na uku ya fi shafar mai karatu a Kano. Cocin ECWA, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1954 daga mishan ɗin SIM da aka fara a 1893, ba ta cikin waɗanda suka sa hannu, haka ma majami'un Pentikostal. Saboda haka sulhun Augsburg bai wajabta komai ba a kan mai wa'azin da ya yi karatu a Tofa. A shekarar da aka sa hannu ce aka ɗaga yankin Katolika na Kano zuwa cikakkiyar dayosis, amma tsakaninta da yawancin Furotestan da ke kewaye da ita, tsohuwar tambayar tana nan a buɗe.

Tarkon kalmomi da tarkon kwatance

Tun da Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, bisa ƙoƙarin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, Kirista da Musulmi suke amfani da kalmomi iri ɗaya da nufi daban. Bahaushe Musulmi in ya ji "ceto", zuciyarsa tana zuwa ga shafa'ar Annabi (SAW) ranar alƙiyama. Kirista yana nufin fansa daga zunubi ta hanyar gicciye. "Alheri" a bakin Musulmi kyautatawa ce, a bakin Kirista falala ce wadda ba a cancanta ba. Mutum biyu za su iya wuni suna muhawara a rumfar Dawanau, kowa yana amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Tarko na biyu shi ne saurin cewa Furotesta Murji'a ne, Katolika kuma Mu'utazila. Kamannin na nan, amma na sama ne. Jayayyar Musulmi ta tsaya ne kan ko aiki yana cikin haƙiƙar imani. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan Kano, ta haɗa furuci da ikhlasin zuciya da aikin gaɓɓai, ta ce imani yana ƙaruwa yana raguwa. Imam Abu Hanifa ya fitar da aiki daga ma'anar imani ba tare da ya sassauta wajabcinsa ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa aikin mutum ba shi ke shigar da shi Aljanna ba sai da rahamar Allah, alhali aya ta 32 ta Suratun Nahl ta danganta shigar da aiki. Malamai suka haɗa su da cewa aiki sababi ne, ba farashi ba, kamar manomin da ya kai taki ya yi huɗa, amma saukar ruwa ba a hannunsa take ba. Don haka ɗalibin da ya ce Musulunci addinin tsira da aiki ne kawai ya ɓata akidarsa kafin ya taɓa ta wani.

Bambanci na gaskiya yana ƙarƙashin abin da Katolika da Furotesta suka haɗu a kai: zunubin gado daga Annabi Adam (AS) da fansa ta mutuwar Almasihu. Alƙur'ani ya kore duka biyun. Aya ta 37 ta Baƙara ta tabbatar da karɓar tubar Adam, ta 164 ta An'am ta hana wani ɗaukar nauyin wani, ta 157 ta Nisa'i ta kore gicciyewar Annabi Isa (AS).

Kammalawa

Sanarwar Augsburg ta rage tsinuwa, ba ta kawar da saɓani ba, kuma muryarta ba ta kai ga yawancin majami'un ƙasar Kano ba. Amfaninta ga Musulmi shi ne ta nuna masa inda bai kamata ya ɓata hujjarsa ba. Al-Biruni a littafinsa kan Indiya da Shahrastani a al-Milal wan-Nihal sun ɗora wa kansu su kawo maganar kowace al'umma yadda ma'abotanta suke faɗarta. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta wajabta adalci ko ga wanda ake saɓani da shi. Mai da'awar da ya jingina wa maƙwabcinsa akidar da bai riƙe ba ya rasa kunnensa tun a jumlar farko, ya kuma ɗauki alhakin ƙarya. Allah ne Mafi sani.