Lasisin Wa'azi: Nazarin Daftarin Dokar Jihar Kaduna na 2016

A shekarar 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta miƙa wa majalisar dokoki daftarin dokar tsara wa'azi, domin ya maye gurbin dokar soja ta 1984. Daftarin ya ce sai da lasisi mutum zai yi wa'azi, lasisin kuma ba zai wuce shekara ɗaya ba. Kwamitin JNI zai bai wa Musulmi, na CAN kuma ya bai wa Kirista.

Kada mu rena dalilin da ya haifi daftarin. Dokar 1984 ta biyo bayan tarzomar Maitatsine, rikicin Kafanchan na 1987 kuma daga taron wa'azi ya tashi. Romawa 13 ta koya mana cewa hukuma baiwar Allah ce domin hana mugunta. Sashe na 45 na tsarin mulkin 1999 ma ya yarda a taƙaita 'yanci saboda zaman lafiya. Don haka ba mu ga laifin ƙayyade lasifika da dare ba, gama barcin maƙwabci haƙƙinsa ne.

Inda daftarin ya kauce shi ne ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Hukunta wanda ya zuga jama'a daban, hana mutum buɗe baki sai da izini daban. Na farko yana duban abin da aka aikata, kuma dokar Penal Code ta riga ta tanadi hukuncinsa. Na biyun yana ɗaukar kowane mai wa'azi a matsayin abin zargi tun kafin ya furta kalma. Sashe na 38 kuwa ya bai wa kowane mutum 'yancin yaɗa addininsa, bai ce sai ƙungiya ta tsaya masa ba.

Akwai kuma tarko a ba CAN wannan iko, ko da yake yana kama da girmamawa. Ƙaramar ikilisiyar da ba ta cikin CAN, wa zai sa mata hannu? Musulmin da ba ya bin JNI fa? Mai bishara da ya san lasisinsa zai ƙare a ƙarshen shekara, zai iya tsawata wa mai mulki kamar yadda Natan ya yi wa Dawuda? A Ayyukan Manzanni 4, majalisar shugabannin addini ce ta hana Bitrus da Yohanna magana.

A 2019 babbar kotun jihar ta ce wannan tsari ya saɓa wa tsarin mulki. Duk da haka batun zai sake tasowa a wata jiha. Sa'ad da ya taso, 'yan'uwa masu hidima, mu auna shi da mudu ɗaya: dokar da ba za mu yarda a ɗora wa fasto ba, kada mu yi murna idan an ɗora wa malami.