Wanda Ya Zubar da Jini, Dala 49 Ya Samu

 Yau wani tsohon fim na Amurka za mu duba, baƙi da fari, mai suna The Harder They Fall. Kada wani ya ce me ya haɗa ɗan kasuwa da fim. Ciniki ne a cikinsa daga farko har ƙarshe, sai dai hajar da ake sayarwa mutum ce.

An fara haska shi a 1956. Yana cikin finafinan da Faransawa suka laƙaba wa suna "fim nuwar", wato baƙin fim, saboda yawan duhu da inuwa a hotonsu, da kuma duhun zukatan mutanen ciki. Mark Robson ne ya ba da umarni. Shi ne kuma fim na ƙarshe da Humphrey Bogart ya fito, don a Janairun 1957 ciwon daji ya yi ajalinsa.

Ga labarin. Wani attajirin damben zamani, Nick Benko, ya ɗauko ƙaton saurayi daga Ajantina, Toro Moreno. Ga jiki kamar kuka, amma bai iya dambe ba. Sai ya ɗauki Eddie Willis, ɗan jaridar da ya rasa aiki, ya riƙa kambama shi. Ana saye abokan karawa a ɓoye su faɗi, shi kuwa Toro yana zaton ƙarfinsa ne. Da ya gamu da zakara na gaskiya, aka farfasa masa fuska, aka karya masa muƙamuƙi. Da aka buɗe littafin lissafi, bayan an cire kamasho, an cire abinci da masauki, abin da ya rage masa dala 49 da 'yan kwabbai.

Wannan ba ƙagen banza ba ne. Labarin ya yi kama da na Primo Carnera, ƙaton Italiya da ya zama zakaran duniya a 1933, Max Baer ya yi masa dukan kawo wuƙa a 1934, masu gidansa kuma suka cinye kuɗinsa. Shi wannan Baer ɗin aka ɗauko ya buge Toro a fim. A shekarar da fim ya fito ne Rocky Marciano ya yi ritaya da wasa 49 ba faɗuwa, ga masu ƙarfa-ƙarfa irin su Frankie Carbo sun riƙe wuyan harkar. A 1960 Jake LaMotta ya amsa gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka cewa da gangan ya faɗi a wani wasa na 1947.

Inda fim ɗin ya burge mu shi ne wanda ya nuna da yatsa. Benko mugu ne, kowa ya gani. To amma da bakin wa aka sayar da ƙaryar? Da na Eddie, mai ilimi, mai kunya, wanda ya san gaskiya ya karɓi la'adarsa ya yi shiru. Mu 'yan kasuwa mun san shi sarai: dillalin da ya san buhu da algus, ya rantse maka tsaba ce. Bogart bai yi hayaniya ba, gajiyar fuskarsa kaɗai ta nuna mutumin da zuciyarsa ke ci masa tuwo a ƙwarya.

Amma muna da ƙorafi biyu. Na ɗaya, tuban Eddie ya yi arha. Ya miƙa wa Toro kasonsa na dala 26,000, ya sa shi a jirgi, ya zauna zai rubuta tonon asiri, shi ke nan fim ya wanke shi. Alhali a cikin wasannin da ya kambama wani ɗan dambe, Gus Dundee, ya rasa ransa. Haƙƙin wannan fa, wa ya biya? Na biyu, an mai da Toro kamar yaro marar wayo, an ci kasuwa da wahalar Carnera, shi kuwa da ya kai ƙarar masu fim kotu bai samu ko sisi ba. Kun ga mai wa'azin tauye mudu shi ma ya tauye.

Kada mu ce abin na Turawa ne. A Yulin 2013, a wasannin neman hawa aji a Bauchi, Plateau United Feeders ta ci ƙungiyar Akurba ta nan jiharmu 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema. Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan taka leda har abada. Samari ne da suka sa rai ƙwallo za ta ciyar da su.

Saboda haka iyaye, idan yaronku ya ɗaura kara zai shiga fagen dambe, ko wani mai zaƙin baki ya zo da alkawarin kai shi gwaji Turai, ku tambaya tun kafin a tashi: nawa ne nasa, wa ke riƙe lissafi, wa zai biya asibiti in ya ji ciwo? A rubuta, a sa shaidu. Ku kuma samarin da ke zuba kuɗin cefane a cacar ƙwallo, ku nemi fim ɗin nan ku kalla. Bai kai awa biyu ba, kuma zai nuna muku yadda ake gama wasa a ofis tun ba a busa usur ba.

Allah Ya sa mu ci halal, Ya tsare mana zuri'a. Amin.