Keken jariri bai san hanyar Mayahi ba

A ƴan shekarun nan wani baƙon kaya ya fara shiga cikin kayan barka a gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa na Tasawa da Mayahi, wato keken tura jariri. Kawu ya sayo sabo daga Kano, ko gwaggo ta aiko da na gwanjo daga Yamai, a jera shi kusa da turamen atamfa da sabulai, mata su rangaɗa guɗa, a ɗauki hoto a watsa a WhatsApp. Kyauta ce, kuma ba a raina kyauta. Tambayata dai ita ce, a ina za a tura shi?

Masu saye sun fi neman ƙarami mai naɗewa, wai don ya shiga mota. Suna da hujja. Duk wanda ya taɓa hawa Hiace daga Tasawa zuwa Maraɗi, ta Gazawa da Agye da Cadawa, ya san babu gurbin da za a bar wa keke. Gwiwa tana gogar gwiwa, buhun gero a ƙarƙashin kujera, abin da bai zauna a cinya ba kuwa karen mota zai cilla shi sama, ya ɗaure da igiya tare da awaki, sannan ya nemi kuɗin kaya.

Sai dai wannan keke mai naɗewa yana da ƙasar da aka ƙera shi dominta. Wani injiniyan jiragen sama na Ingila, Owen Maclaren, shi ya tsara shi a 1965, da sandunan alminiyum marasa nauyi, yadda uwa za ta naɗe shi ta hau bas da shi. Ƙananan ƙafafunsa na daɓen gefen titi ne mai santsi. Mu kuwa da zarar an sauka daga kwalta sai yashi. A unguwannin Mayahi, a bakin Gulbin Kaba, ƙaramar ƙafar roba nutsewa take yi nan take, sai ka ga uwa ta saɓa ɗa a kafaɗa tana jan keken da ɗaya hannun. Mai manyan tayoyi ne ke iya ratsa yashi, shi kuma ba ya shiga ƙaramar mota, balle a hau kabu-kabu da shi. Wanda ya dace da motar bai dace da hanyar ba, wanda ya dace da hanyar motar ba ta ɗaukarsa.

Ga kuma abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Yawancin waɗannan ƙananan kekuna a zaune ake sa yaro, an yi su ne don wanda ya kai wajen wata 6, wuyansa ya yi ƙwari. To ita mai jego yaushe ta fi yin tafiya? Dawowa daga wankan gida da yawon arba'in, lokacin da jariri ke buƙatar a kwantar da shi ko a tallafe masa kai. A watan Afrilu da Mayu, zafi kan haura digiri 40, yaron da ke cikin keke yana kusa da ƙasa mai turiri da ƙurar babura. Idan aka lulluɓe keken da zane don rana, iska ta daina shiga, zafin ciki ya ƙaru.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu ƴan mata masu haihuwar fari suka fara kallon goyo kamar ƙauyanci. Zane da majanyi ba su biyan kuɗin kaya. Hannu biyu na uwa a sake suke, tana jin numfashin ɗanta a bayanta, tana gane zazzaɓi tun kafin ya yi kuka. Mutanen da muke kwaikwayo ma daga wajenmu suka ɗauka: Ann Moore, wata ma'aikaciyar jinya Ba'amurkiya, ta ga yadda mata ke goyo a Togo a farkon shekarun 1960, ta koma gida ta ɗinka jakar goyo mai suna Snugli, ta yi mata rajista a 1969, ta zama haja. A birnin Bogota na Kolambiya kuma, tun 1978 likitoci suka fara ɗaure bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, saboda ƙarancin kwalabar jarirai, yau Hukumar Lafiya ta Duniya ita ke ba da shawarar a yi haka.

Ba na cewa goyo ba shi da aibu. A kan babur ne nake tsoronsa. Kan yaro yana reto a baya ba kariya, ƙafarsa kusa da salansa mai zafi, gefen zane yana lilo dab da taya. A cikin mota ma, uwa ta jingina da kujera da goyo a baya kuskure ne. A kwance shi a rungume a gaba. Keke bai magance ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, tunda a naɗe yake duk tsawon tafiyar.

Akwai waɗanda keken zai yi wa rana. Matar da aka yi wa tiyata wajen haihuwa, mai tagwaye, kaka mai ciwon baya da aka bar wa reno, malamar makaranta mai tsakar gida da siminti. Su nasu na gida ne da zaman jiran awo a asibiti, don haka kada ƙanƙanta ta ruɗe su. Su nemi wanda bayansa ke kwantawa sosai, mai rumfa da gidan sauro, mai faɗin ƙafafu. Idan na gwanjo ne, a gwada birki, a ja maɗaurin da ƙarfi, a naɗe a buɗe a gaban mai kaya, domin idan ƙarfen naɗewar ya karye, da wuya a sami irinsa ko a kasuwar Maraɗi, sai dai mai walda ya yi dabara.

Ni dai idan ƙanwata ta haihu, kuɗin keken zan raba: majanyi biyu masu kauri na saƙi, gidan sauro, sauran kuma kuɗin kujera ta biyu a mota ranar yawon arba'in, ta zauna ba matsi da ɗanta a cinya.