Jinjina ga masu saita tsallen Tab a Vim

Mai rubuta manhaja a Vim ko Neovim yakan buga haruffa uku, ya danna Tab, sai ga tsarin rubutu ya bayyana da guraben cikewa. Ya cike gurbin $1, ya sake dannawa, alamar rubutu ta tsallaka $2, har ta sauka a $0 inda aikin ya ƙare. Cikin ƙiftawar ido. Bai san wahalar da wasu suka sha kafin tsallen ya zo daidai ba.

Vim na da yanayin rubutu da yanayin umarni, kuma nan gizo ke saƙa. Mutum ya danna Esc yana tsakiyar cikewa, ya tafi gyara wani layi can ƙasa, ya danna Tab don ya tura rubutu ciki, sai alamar ta fizge shi ta mayar da shi tsohon gurbin da ya manta da shi. Masu kula da LuaSnip, ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da ke samar da wannan tsalle, sun zauna kan wannan matsala har suka samar da saitin da ke lura idan alamar ta fita daga yankin, ya sake ta. Masu takwarorinsa UltiSnips da vim-vsnip ma haka suke fama, suna amsa koke-koken mutanen da ba su taɓa gani ba, galibi bayan sun tashi daga aikin da ke ciyar da su, ba ko sisi.

Wannan hali gado ne. Bram Moolenaar ya fitar da Vim a 1991, ya riƙe shi har rasuwarsa a 2023, yana roƙon masu amfani da shi su taimaki marayun Uganda.

Idan Tab ɗinka na sauka inda kake so, aika wa masu kula da waɗannan manhajoji godiya, ko ka taya su gyara takardun bayani.